Dogaro ga Allah Ba Adashe Ba Ne

Duk wanda ya saba zuwa sujadar Lahadi a majami'un Samaru ko Sabon Gari ya san lokacin da ake kira na ba da shaida. Mai jagora zai ce duk wanda Ubangiji ya yi wa wani abin alheri a makon nan ya fito gaba. Nan da nan sai ka ga an jeru. Wannan ya ce motarsu ta ƙwace a hanyar Kano, ta wuntsila, amma ko ƙwarzane bai samu ba. Waccan ta ce an yi wa 'yarta aiki a asibitin Shika, ga ta nan a tsaye da ƙafafunta. Wani ya ce masu garkuwa sun tare hanya, motar da ke gabansu aka kwashe, tasu ta tsallake. A yi tafi, mata su rangaɗa guɗa, makaɗa su ɗaga ganga. Ba ni da ja da wannan, domin wanda aka yi wa alheri ya ƙi godiya butulu ne.

Sai dai a kujerun baya akwai waɗanda ba sa tashi. Akwai matar direban da ya rasu a wani hatsarin. Akwai uwar da tata 'yar ba ta farfaɗo daga ɗakin tiyata ba. Akwai dangin mutanen motar gaba, waɗanda a daidai wannan lokaci suke neman mai sayen gona don haɗa kuɗin fansa. Su ma sun yi addu'a kafin a kama hanya, su ma suna ba da zakka da baiko, wasunsu ma sun fi masu shaidar naci a kwanan addu'a. Suna komawa gida da tambayar da kunya ta hana su furtawa: me ya sa aka amsa wa wancan, ni aka yi mini shiru?

Ra'ayina shi ne, irin dogaro ga Allah da ake yawan koyarwa a majami'unmu yau ba ya iya amsa wa waɗannan mutane, kuma laifin koyarwar ne. Mun mai da bangaskiya adashe. Ka zuba addu'a, ka zuba azumi, ka zuba baiko, in kwananka ya zagayo ka kwashi lafiya da arziki da tsari daga masifa. Wanda ya zuba bai kwasa ba kuwa, dole ɗayan biyu: ko dai ya yi fashin zubi, ko kuma an cuce shi. Mai bi da aka raina a kan wannan lissafi, ranar da masifa ta faɗo masa ba shi da mafita sai ya zargi kansa ko ya zargi Allah. Da yawa sukan zargi kansu a fili, su zargi Allah a ɓoye, sannu a hankali su daina zuwa sujada.

Na san abin da ya sa wannan koyarwa take da kasuwa. Samaru gari ne da ke numfashi da Jami'ar Ahmadu Bello. Lokacin da malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na 2022, aka kuma riƙe albashinsu, wahalar ba a gidan malamai ta tsaya ba. Mai sayar da abinci a bakin ƙofar jami'a, mai buga takardu, ɗan acaɓa, mai ba da hayar ɗaki ga ɗalibai, duk ciniki ya tsaya musu cak. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, sai kuma cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na shekarar, abin da ya tashi farashin komai a kasuwar Sabon Gari. Mutumin da ya wayi gari bai san abin da yara za su ci ba, in aka ce masa ga man shafewa, ga irin da zai shuka a hannun bawan Allah don ƙofa ta buɗe kafin ƙarshen wata, ba wauta ce ke sa ya miƙa ɗan abin da ya rage masa ba. Matsuwa ce. Laifin yana kan wanda ya karɓa, ya kuma yi alkawari da sunan Allah a kan abin da Allah bai alkawarta ba.

Abin mamaki shi ne, mu Kiristocin ƙasar Zazzau mun fi kowa dalilin ƙin yarda da wannan lissafi, domin tarihinmu da kansa ya ƙaryata shi. A wajajen 1867 aka kashe Malam Ibrahim a kasuwar Kano saboda yadda yake fifita Annabi Isa a cikin karatunsa. Almajiransa, waɗanda aka sani da Isawa, suka watsu zuwa ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Zazzau da Ningi. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Dokta Walter Miller, ɗan mishan ɗin da ya zauna a birnin Zariya tun 1905. Suka karɓi bishara, aka samar musu wuri a Gimi, suka kafa ƙauye nasu, da majami'a da makaranta da gonaki, ƙarƙashin kulawar wani limami baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, Rabaran Thompson. Mutane ne da suka bar dangi da gado saboda abin da suka gaskata. In da adashe ne, babu wanda ya kai su zubi.

Abin da ya biyo baya shi ne ciwon barci. Ƙudan tsando da ke kurmin bakin rafi ya shiga cikinsu, cikin 'yan shekaru cutar ta cinye jama'ar, aka yi ta binne manya da yara har ƙauyen ya tashi. Waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga baya suka bi mishan zuwa Wusasa a 1929. Ka tsaya ka auna wannan. Sababbin masu bi ne, shekarunsu a cikin bangaskiya ba su kai a ƙirga da yatsun hannu biyu ba, ga kuma dangin da suka baro suna da hujjar cewa ai ga sakamakon barin hanyar iyaye. Duk da haka akwai waɗanda suka tsaya. Ba don an warkar da 'ya'yansu ba, domin ba a warkar ba. Sun tsaya ne saboda tun farko ba cinikin lafiya suka shiga da Allah ba.

Daga wannan tsatso na Isawa Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda aka haifa a Anchau a 1927, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, kuma ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Wani zai yi saurin cewa to ai ga shi, bayan wuya sai daɗi. A yi hattara. Ɗaukakar jika ba ta share hawayen kakar da ta binne 'ya'yanta a Gimi, kuma ita ba ta rayu ta gani ba. Shi kansa Farfesan, bayan juyin mulkin ƙarshen 1983 an tsare shi. Da ya fito, Samaru ya dawo ya buɗe asibiti, yana duba marasa lafiya yana kuma hidimar bishara, har ya rasu a 2005. Abin koyi a rayuwarsa shi ne hawa da sauka ba su sauya masa alƙibla ba.

Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi zuwa Hausa a 1932 da babban hannun shi Miller ɗin, bai taɓa ɓoye wannan gaskiya ba. Labarin Ayuba, wanda mu da maƙwabtanmu Musulmi duka muke buga misali da haƙurinsa, an gina shi ne don rushe lissafin zubi da kwasa. Abokansa uku sun zo gaisuwa, suka zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Nan ne suka yi daidai. Da suka buɗe baki sai suka shiga neman zunubin da ya ɓoye, domin a ganinsu ba yadda za a yi adali ya sha irin wannan wahala. A ƙarshen littafin su Allah ya tsawata wa, ba Ayuba mai kuka da tambaya ba. Yesu Almasihu ma da aka kawo masa maganar masifa, ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya nuna cewa ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba. Samarin nan uku da Sarki Nebukadnezzar ya yi wa barazana da tanderun wuta sun shaida masa cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu, suka ƙara da cewa ko da bai cece su ba, ba za su rusuna wa gunki ba. Muna son rabin farko na amsarsu, mukan tsallake rabi na biyu, alhali a nan ne dogaron yake.

Misali na kusa yana nan a gabanmu. A watan Janairu na 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke wajen Kaduna, suka tafi da ɗalibai huɗu. Shugaban makarantar a lokacin shi ne Fada Habila Daboh, wanda yanzu shi ne Bishop na Katolika a Zariya. An yi wa su huɗun addu'a iri ɗaya, a majami'u ɗaya, da hawaye ɗaya. Uku suka dawo. Michael Nnadi, ɗan shekara 18, gawarsa aka tsinta. Duk wanda zai ce bangaskiyar yaron nan ce ta gaza, ko addu'ar danginsa ce ba ta kai ba, bai san abin da yake faɗa ba. Akwai abin da ba a ba mu saninsa ba, kuma malamin kirki shi ne wanda zai iya tsayawa gaban masu makoki ya ce wannan ya fi ƙarfin bayanina.

Wannan ya kawo ni kan yadda muke gaisuwar mutuwa. Ka shiga gidan makoki a Hayin Dogo ko Muciya, za ka ji ana cewa, “Mama, ki daina kuka, ai ke mai bi ce.” Ko kuma, “'Yar'uwa, kada ki tambayi Allah.” Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma nauyi ake ƙara wa mai nauyi. Daga cikin Zabura 150, kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne da ƙorafi, wasu ma da zafin da in wani ya yi irinsa a taron addu'a yau za a ce ya ja da baya. Zabura ta 88 ta ƙare ba tare da ko kalma ɗaya ta ta'aziyya ba, kuma ba a cire ta daga Littafin ba. Akwai littafi sukutum mai suna Makoki. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru, a Getsamani kuma ya roƙi a ɗauke masa abin da ke gabansa kafin ya miƙa kai ga nufin Uba. Wanda yake kai kukansa gaban Allah, har da fushinsa, bai rabu da Allah ba, domin ba a kai ƙara wurin wanda aka fid da rai da shi. Wanda ya kamata mu ji wa tsoro shi ne wanda muka tilasta wa murmushi, ya haɗiye abin har ya zame masa hawan jini ko ƙiyayya.

Ƙiyayyar nan ita ce jarrabawa mafi girma da Kiristan Zariya ya sha fuskanta. Sabon Gari ya girma ne tare da zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarnin da ya wuce, ya tara Yarbawa da Ibo da Nufawa da mutanen kudancin Kaduna da Filato tare da Hausawa, kuma ya ga tashin hankali iri-iri. A 1966 mutane da yawa sun gudu sun bar shaguna da gidaje. A watan Maris na 1987 rikicin da ya faro a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, inda Musulmi suka yi asarar rayuka da masallatai, ya iso Zariya cikin 'yan kwanaki, aka ƙone majami'u masu yawa. Mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka wayi gari wurin sujadarsu ya zama toka. Sannan ranar Lahadi 17 ga Yuni, 2012, aka tayar da bam a babban cocin Katolika na Christ the King da ke Sabon Gari, marigayi Bishop George Dodo yana tsakiyar hidima, aka tayar da wani a cocin ECWA da ke Wusasa, da na uku a Kaduna. Boko Haram ta ɗauki alhakin harin.

Abin da ya faru bayan haka dole mu faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba. A Kaduna wasu matasa sun tare hanya suka kashe Musulmi matafiya da masu neman abinci waɗanda ba su da hannu a komai, har gwamnatin marigayi Patrick Yakowa ta sa dokar hana fita ba dare ba rana. Wanda ya ɗauki makami ya kashe marar laifi don an kashe nasa, ya shaida da aikinsa cewa bai yarda Allah zai yi shari'a ba. Komai yawan waƙoƙin da ya iya, a ranar ya ajiye dogaro. Ramuwa ita ce hanyar da zuciya ta fi saurin bi, shi ya sa barinta ke bukatar tabbaci mai ƙarfi cewa akwai Alƙali wanda ba a saye, ba ya kuma mantuwa. Kuma masifa da kanta ta nuna mana ba ta tambayar addini. Ranar 7 ga Yuli, 2015, cikin watan azumi, bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari da ke Dogarawa, inda ma'aikata da malaman firamare suka yi layin tantancewa. Sama da mutum 20 suka mutu, masu sallah da masu sujada a layi ɗaya. Da wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta kan masallata a watan Agusta na 2023, wane mai hankali ne zai ce laifinsu ne? To, ma'aunin da ba za mu yarda a auna mu da shi ba, kada mu auna maƙwabci da shi.

Akwai masu sukar da ke cewa duk wannan magana ta dogaro da haƙuri maganin barci ce da ake ɗura wa talaka don kada ya tambayi haƙƙinsa. Ba zan ce ba su da hujja ba. Sau nawa mace ta mutu wurin haihuwa don babu jini ko babu wuta, aka ce kwananta ne ya ƙare, aka tashi? Sau nawa tsoho ya mutu yana bin fansho, aka ce sai haƙuri? Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma haƙurin da ke rufa wa sakaci asiri taimakon azzalumi ne. Ciwon barcin da ya tashi Gimi yana da sanadi. A ƙarshen shekarun 1930 aka ƙaddamar da aikin Anchau, aka sare kurmin bakin rafuka inda tsando ke ɓuya, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya, cutar ta ja baya ƙwarai. Da an tsaya a kan cewa haka Allah ya so, da an ci gaba da binne mutane.

Littafin da muke karantawa bai raba addu'a da aiki ba. Nehemiya da yake sake gina garun Urushalima ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Yusufu bai ce wa Fir'auna a yi azumi yunwa ta wuce ba, rumbuna ya sa aka cika shekara bakwai. Manzo Bulus da aka yi masa bulala a Filibi ba bisa doka ba, ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye, ya ce sai mahukuntan sun zo da kansu. Hausawa sun taƙaita shi: Allah ya ce tashi in taimake ka. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna koyar da cewa a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Saboda haka mai ciwon suga da aka ce ya zubar da magani don nuna bangaskiya, an yaudare shi. Shingen da ake sawa a ƙofar majami'a ranar Lahadi tun bayan 2012 ba rashin bangaskiya ba ne. Rubuta takardar koke, zuwa kotu, yin rajistar inshorar lafiya, jefa ƙuri'a da tambayar wanda aka zaɓa ina ruwan famfo, duk suna cikin aikin mai dogaro. Bambancinsa da wanda bai dogara ba shi ne, in ya yi iyakar ƙoƙarinsa abin bai yiwu ba, ba ya rushewa, ba ya kuma bin hanyar banza.

In ka tambaye ni inda na fi ganin dogaro na gaskiya a Samaru da Sabon Gari, zan nuna maka Zumuntar Mata. Su ne za ka gani da anko, ɗauke da kwanon abinci, suna hawa mota zuwa Shika ko asibitin St. Luke na Wusasa. Su ne ke kwana a gidan makoki, su share tsakar gida, su ɗora tukunya, su haɗa ɗari biyar-biyar a biya wa maraya kuɗin jarrabawa. Ba sa zuwa da bayanin dalilin da ya sa abin ya faru. Sukan ce, “Sannu, Mama. Allah ya ba da haƙuri. Kin ci wani abu kuwa?” Zumunci a ƙafa yake, kuma sau da yawa ta ƙafafun nan ne amsar addu'a ke shigowa gida. Gwauruwar da aka ce mata Allah ba zai yashe ta ba, tana gane gaskiyar maganar ne in bayan wata uku, lokacin da 'yan gaisuwa suka watse, har yanzu akwai mai ƙwanƙwasa mata ƙofa. Wasiƙar Yakubu ta yi gargaɗi a kan wanda zai sallami mayunwaci da fatan alheri ba tare da ba shi abin da zai ci ba. Ikilisiyar da ke da kuɗin sayen manyan lasifika amma ba ta da asusun jinya, ta sa keke a gaban doki ba tare da ta sani ba, kuma ranar wahala za ta gane.

Saura tambaya mafi nauyi. In dogaro ga Allah bai tabbatar mini da lafiya ba, bai tabbatar da tsira daga 'yan bindiga ba, to a kan me nake dogara? Amsar Kirista tana kan gicciye. Addininmu bai fara da mutumin da aka kuɓutar daga wahala ba. Ya fara da marar laifi wanda aka ci amanarsa, aka yi masa shari'ar zalunci, aka kashe shi a bainar jama'a, mahaifiyarsa tana kallo. Mun gaskata cewa Allah bai tsaya daga nesa yana kallon azabar ɗan Adam ba, ya shigo cikinta. Mun kuma gaskata cewa kabari bai riƙe shi ba, don haka mutuwa da zalunci ba su ne masu magana ta ƙarshe ba. Abin da aka alkawarta mana ke nan: kasancewarsa tare da mu a cikin wahala, ƙarfin jurewa, gafara, da ranar da za a daidaita komai. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa abin da ke damunsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin da zai ɗauka da shi. Annabi Habakuk ya rufe littafinsa da ƙudurin yin murna da Allah ko da gona ba ta ba da komai ba, garke kuma ya ƙare. Manomin da ya taɓa ganin damina ta ɗauke ana tsakiyar fitar kai ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ban ce a daina roƙon warkarwa ba, ban kuma ce Allah ba ya yin abin al'ajabi ba. A roƙa da dukan zuciya, in ya bayar a yi godiya da babbar murya. Abin da nake ƙi shi ne a mai da kyauta ta zama bashi, a kuma mai da wanda bai samu ba abin zargi.

Kira na ga fastoci, da limamai, da dattawan ikilisiya, da malaman makarantar Lahadi. Ba a koyon iyo ranar da kwale-kwale ya kife, don haka tun yau za a shirya mutane. A yi wa'azi daga Ayuba da Makoki kamar yadda ake yi daga alkawuran albarka. A koya wa yara tarihin Gimi, da na 1987, da na 2012, ba don su riƙe kowa a zuci ba, sai don su san iyayensu sun bi ta wuta ba su saki bangaskiya ba, su kuma san inda wasu suka kauce suka zubar da jinin marar laifi. A ware wani kaso na baiko a rubuce, a fili, don jinya da marayu da waɗanda aka sako daga hannun masu garkuwa, domin waɗannan suna dawowa da raunin da ido ba ya gani. A hana duk mai wa'azin da zai ɗora wa majinyaci laifin ciwonsa hawa bagade. In maƙwabci Musulmi ya yi rashi, a je gaisuwa kafin a kira. Yaron da aka raina a haka, ranar da wayar tsakar dare ta zo masa da mummunan labari zai yi kuka, zai yi tambaya, wataƙila ya daɗe bai iya addu'a ba. Amma ba zai ce an yaudare shi ba, domin tun farko gaskiya aka faɗa masa.